A ba mai shayi famfo, a daina korarsa daga bakin titi

Duk sanda aka ce za a gyara wani titi a Kano, tun kafin katafila ta iso, wanda ake fara cewa ya kwashe komatsansa shi ne mai shayi. Sai mai tsire, sai mai gurasa, sai baiwar Allahn nan da take suyar awara ko ƙosai a bakin kwalbati. A zuba kwalta, a shimfiɗa intalok, a kafa fitilu masu sola, titi ya fito fes gwanin sha'awa a hoto, amma ka je wajen bayan sallar isha'i ka gani. Tsit kake ji. Ba kowa sai mai adaidaita da zai wuce a guje, kai kanka in ka zo wucewa a ƙafa sai ka tura wayarka can ƙasan aljihu kana tafe kana waige. Abin nan ya daɗe yana cina a rai wallahi, shi ya sa na ce yau sai na faɗi nawa.

Ba wai ina adawa da gyaran gari bane, a'a. Gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da aka yi zamanin Kwankwaso, da ta Dangi da ta Hotoro na zamanin Ganduje, duk wanda ya san irin cinkoson da ake sha a wuraren nan a da ya san an samu sauƙi. Amma fa duk dan mota aka yi su. To shi mutumin da yake tafiya a ƙasa, wanda ya wuni yana dako a Singa ko yana jiran shago a Kantin Kwari, ya taso da magariba yunwa na cinsa kuma kuɗin aljihunsa ba su kai ya shiga gidan abinci mai gilashi da esi ba, ina aka tanadar masa ya zauna ya ci abinci kamar mutum? Babu wanda ya tanada. Shi da mai shayi ne suka tanadar wa kansu, da benci biyu da tebur ɗaya da ƙwan sola ɗaya a rataye.

Ku tsaya ku kalli abin da teburin mai shayi ɗaya yake yi a unguwa daga asuba zuwa dare. Ana idar da sallar asuba tukunya ta riga ta tafasa, masu gadin da suka kwana a waje su ne farko, sai direbobi, sai leburori masu jiran a zo a ɗauke su aikin gini, wani ruwan bunu kawai zai sha da biredi rabi, wani ya ce a haɗa masa mai kauri a soya ƙwai biyu. Da rana a ɗan lafa. Da dare kuma sai wajen ya koma wani abu daban, samari da gwauraye da ɗalibai da magidantan da suka fito shan iska, ana ta dafa Indomie ana juya shayi daga wannan kofi zuwa wancan, rediyo na gefe ana jin Inda Ranka a Freedom, ana musun ƙwallo, ana musun siyasa har jijiyar wuya, wani ya tashi cikin fushi gobe kuma ka ganshi ya dawo bencin nan dai. A nan ake jin inda ake neman ma'aikaci, a nan ake jin wane ba shi da lafiya a je a duba shi, a nan baƙon da ya sauka a unguwa yake tambayar gidan da yake nema. Mutane nawa ne suke barin mukulli ko saƙo a wajen mai shayi su ce in wane ya zo a ba shi? Sannan ga littafin bashi. Babu mai shayin da ba shi da shi, kuma mutane da yawa da ake ganinsu tsaf-tsaf a gari littafin nan ne yake riƙe da su daga tsakiyar wata zuwa ranar albashi, ba takarda ba shaida, yarda ce kawai.

Kuma ba shi kaɗai yake ci a teburin ba. Gidan biredi yana jiransa, mai kawo kiret ɗin ƙwai yana jiransa, ɗan garuwa, mai gawayi ko mai gas, yaron da yake wanke kofuna, mai shagon da yake ba shi madara da sukari a kan sari. In mai tsire ne ga mahauci, ga mai ƙuli-ƙuli, ga matar da take daka yaji a cikin gida ba wanda ya taɓa ganin fuskarta amma da kuɗin take sai wa 'ya'yanta littafi. Ranar da aka ɗaga tebur ɗaya daga bakin titi, duk waɗannan aka taɓa.

Maganar tsaro ita ce ta fi tsaya mun. Kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi garin nan, kuma kowa ya san irin wajen da ake yi: lungu mai duhu, ko dogon titi mai katanga hagu da dama wanda ba mai zama a bakinsa. Da wuya ka ji an tare mutum a gaban tukubar mai nama inda mutum goma suke tsaye suna jiran a yanka musu balangu. Mai shayi ya san fuskar kowa a layin, ya san wanda yake baƙo, ya san yaron da ya fara bin abokan banza tun kafin uban yaron ya sani. Fitilar titi tana haska waje, amma ba ta ihu in an tare ka. Wanda ya zauna a Kano bayan harin 20 ga Janairun 2012 zai tuna yadda dokar hana fita ta mayar da garin, yamma na yi kowa ya shige gida, ga shingayen bincike ko'ina, daga baya a 2013 aka zo aka hana goyo a babur. Ni abin da ya fara nuna mun cewa gari ya fara dawowa hayyacinsa ba sanarwar rediyo bace, ganin masu shayi da masu tsire sun koma kai wa sha ɗaya sha biyu na dare ne, mutane na zaune a benci ba sa kallon agogo.

To amma kar in yi kamar ban san laifinsu ba, dan na sani, kuma masu korarsu ba ƙarya suke ba a kan komai. Ana wanke kofi hamsin a ruwa ɗaya cikin bokiti ɗaya. Ruwan wanke-wanke a kwarara shi a titi ko a kwata, ɓawon ƙwai da ledar Indomie da ta fiya wata su toshe magudana, damina ta zo unguwa ta cika da ruwa. Wani zai kafa tukubarsa daidai kan kwana, masu saye su faka motoci a kan titi, hanyar mota biyu ta koma ta mota ɗaya. Nama a buɗe ƙuda na bi ƙura na sauka, a naɗe maka shi a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti. Ga hayaƙi yana shiga ɗakin maƙwabci. Duk shekarar da aka samu ɓarkewar amai da gudawa irin wuraren nan suna cikin inda ake fara zargi, kuma da dalili. Sai dai ka duba duk abin da na lissafa, wanne ne a ciki kora take magancewa? Mutumin da ba shi da famfo dole ya yi tattalin ruwan da ya saya a jarka. Wanda ba a ba shi wajen zuba shara ba a kwata zai zuba. Wanda ya san gobe ana iya zuwa a kife masa tebur a tafi da tukunya ba zai taɓa kashe kuɗinsa ya yi daɓen siminti ko ya sai akwatin gilashi na rufe nama ba, ai ba mahaukaci bane. In an kore shi yau, jibi zai ɓullo a layi na gaba da bokitin nan nasa dai.

Legas ta gwada ƙarfi. A watan Yulin 2016 gwamnatin Ambode ta ce za ta fara aiki da dokar hana talla da kasa kaya a titi ba sani ba sabo, tarar naira 90,000 ko ɗaurin wata shida, kuma har mai saye ba mai sayarwa kaɗai ba. Duk wanda ya shiga Legas bayan nan ya san ko an daina.

Ƙasar da nake so mu kalla ita ce Singafo, dan ita ce ake yawan kawo mana misali da ita in ana maganar tsaftar birni, amma ba a cika faɗa mana yadda ta yi da masu abincin bakin titinta ba. Lokacin da ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1965 titunanta cike suke da masu tura kura da masu kafa tebur suna sai da abinci, ga ƙazanta, ga ɓeraye, ga taifot da kwalara, kogin da ya ratsa garin ya zama bola. Turawan mulkin mallaka sun yi ta kamu da kora shekara da shekaru abin bai yi ba. Gwamnatin Lee Kuan Yew sai ta fara da ƙirga su. A 1968 zuwa 1969 aka bi gari kaf aka yi wa masu sana'ar rajista aka ba su lasisi, aka san su waye, me suke sayarwa, a ina suke zama. Sannan daga 1971 zuwa 1986 aka yi ta gina musu rumfuna, manyan rumfuna ne buɗaɗɗu ba bango ba esi, iska na shiga ta ko'ina, kowa da ɗan shagonsa na girki, ga famfo, ga wuta, ga magudanar ruwa, ga masu kwashe shara, tebura da kujeru kuma na kowa da kowa ne a tsakiya, ka sayi shinkafa a wajen wannan ka sayi shayi a wajen wancan ka zauna inda ka samu. Waɗanda aka taso daga titi an ba su haya mai rahusa. Kuma abin da ya fi muhimmanci, ba a kai su bayan gari ba, an gina rumfunan ne a cikin unguwannin da mutane suke, kusa da kasuwa da tasha da gidajen da gwamnati ta gina wa jama'a, inda masu sayen suke. Sai da aka ba mutum wajen zama sannan aka ce masa kar a sake ganinka a titi, kuma a lokacin ne doka ta yi aiki, har malaman tsafta suka riƙa zuwa dubawa suna liƙa wa kowace rumfa makinta kowa na gani.

Yau suna da irin wuraren nan sama da 110 a ƙasar da mutanenta kusan miliyan 6 ne, wato ba su kai jihar Kano ba ko a ƙidayar 2006. Ɗan China da ɗan ƙabilar Malay da ɗan Indiya duk a rufi ɗaya suke girki, Musulmi ya san layin da zai samu halal, ma'aikacin banki da lebura suna cin abinci a tebur ɗaya. A 2016 masu ba da tauraron Michelin, wanda manyan gidajen abinci na Turai suke rububinsa, suka ba wa biyu daga irin waɗannan ƙananan masu girkin, ɗaya shinkafa da kaza yake sayarwa. A watan Disambar 2020 kuma UNESCO ta saka wannan al'ada tasu cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sana'ar da ake bin masu ita da gudu a da, ita ce yanzu ƙasar take tinƙaho da ita. Wanda ya fi burge ni shi ne na Lau Pa Sat, wata tsohuwar kasuwa da aka gina tun 1894 wadda yanzu dogayen benayen bankuna suka kewaye ta. Kullum da yamma sai a rufe titin da yake gefenta, Boon Tat, a hana mota bi, a fito da tebura kan kwalta, masu gasa satay su hura gawayi. Satay ɗin nan nama ne a tsinke ana ci da miyar gyaɗa, ɗan uwan tsirenmu ne na jini. A tsakiyar unguwar da take cikin mafiya tsadar ƙasa, hukuma da kanta take tare mota dan mai tsire ya yi ciniki.

Suna da nasu matsalolin, masu sana'ar yawanci sun tsufa, 'ya'yansu sun yi boko ba sa son tsayuwar awa goma sha a gaban wuta, haya ta yi tsada ga sababbin shiga. Kuma na san wani zai ce ai Singafo tana da kuɗi, ƙaramar ƙasa ce, mu ina muka ga wannan. To a 1971 ba ita ce Singafon da ake gani a hoto yanzu ba, sannan rumfar kwano da famfo da kwalbati nawa suke in aka gwada da kuɗin gadar sama guda ɗaya?

Ni ban ma ga abin baƙo a ciki ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa kasuwar Kurmi, tsarin garin nan shi ne kowace sana'a da wajenta da shugabanta, mahauta suna da Sarkin Fawa, maƙera da nasu, marina da nasu. Har gobe in kana son kilishi na gaske Agadasawa za a nuna maka, gurasa kuma a ce maka Jakara. Kakanninmu sun san cewa mai sana'a waje ake ba shi a ɗora masa shugaba da ƙa'ida. Mu ne muka zo muka ɗauko tunanin cewa birni na zamani shi ne wanda ba a ganin talaka yana cin abinci a cikinsa. Kuma ku lura, masu kuɗin ma yanzu waje suke so. Duba wuraren shaƙatawa da suke ta buɗewa a Nassarawa da sauran unguwannin masu hali, kujeru a fili, 'yan fitilu a jikin bishiya, ana gasa kifi da kaza ana shan shayi mai kayan ƙamshi, ko lambunan Abuja da suke cika da dare. Zaman majalisar mai shayi ne aka yi wa kwalliya aka ninka kuɗin. In na mai kuɗi ne sunansa wajen hutawa, in na talaka ne sai a ce ya tare hanya.

Akwai wani gyara da nake ganin sai an samu tsari zai yiwu, shi ne na mata. Gaskiya teburin mai shayi na maza ne, mace ba ta zama, in ta zo ma sai dai ta tsaya daga nesa ta aiki yaro. Alhali rabin abincin da ake ci a bakin titi daga hannun mata ya fito, ɗanwake, garau-garau, waina, awara, ƙosai, fura, sai dai su suna cikin gida, 'yan matansu ƙanana ne suke yawo da shi a ka har dare a tasha da gareji, kuma duk mun san abin da yake biyo bayan wannan. Da akwai rumfa tsararriya a unguwa, mai haske, da ɓangaren da iyali za su zauna, da uwa ko yayar da ta girma za ta iya tsayawa a kan sana'arta da mutuncinta, yarinya ta tafi makaranta, magidanci ma ya iya fitowa da matarsa da 'ya'yansa su ci gurasa bandashe ranar Juma'a da yamma ba sai ya tanadi kuɗin babban gidan abinci ba. A Khartoum ta Sudan kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023 mata ne suke riƙe da sana'ar shayi a gindin bishiyoyi da bakin kogin Nilu, sun sha kamu da ƙwace kayan aiki har suka haɗa ƙungiya, shugabarsu Awadeya Mahmoud Koko ta kai ga karɓar lambar yabo ta jarumtar mata a Amurka a 2016. Mu ma matan suna nan, wajen zama ne babu.

Abin da nake roƙo ba mai yawa bane. Duk titin da za a gyara, a zana wajen masu abinci a cikin taswirar tun farko kamar yadda ake zana wajen fitila da magudana, ɗan fili da aka ja baya daga kwalta yadda mai saye ba zai faka a kan hanya ba. A ja famfo ko a haƙa borihol ɗaya, a yi wajen wanke-wanke da ruwansa zai bi kwata a rufe, a ajiye mazubin shara da ake kwashewa da gaske, a yi banɗaki. Kuɗin da ake karɓa a hannunsu kullum, dan ana karɓa, wannan ya zo da rasit wancan ya zo ba rasit, a mayar da shi guda ɗaya sananne wanda mutum zai ga aikin da aka yi masa da shi. Bayan nan duba-gari ya zo da ƙarfinsa, wanda ya bar nama a buɗe ko ya zuba shara a kwata a ci shi tara, ba wanda zai ce an zalunce shi. Ga filaye nan a ƙarƙashin wasu gadojin saman an bar su sun zama wajen fitsari da kwanan 'yan shaye-shaye, ga bakin tashoshi, ga gefen asibitoci inda masu jinya suke fitowa neman ruwan zafi da tsakar dare. Ko a azumi kaɗai a gwada rufe layi ɗaya bayan tarawi a bar wa masu abinci, a ga yadda zai kasance.

Tsorona ɗaya ne, kuma shi ya sa na daɗe a kan maganar rajistar da Singafo ta fara yi kafin ta aza bulo ko ɗaya. Mun sha gani a nan, a tashi masu kasa kaya a ce za a gina musu shaguna na zamani, in an gama sai ka ga shagunan sun faɗa hannun masu uwa a gindin murhu, su kuma su saka hayar da mai tebur ba zai iya biya ba ko zai shekara yana tarawa, shi kuma asalin mai wajen yana can ya koma rakuɓe a jikin katangar ginin da aka ce nasa ne. Dan haka kafin a taɓa kowa a bi layi-layi da mai unguwa da shugabannin masu shayi da na mahauta, a rubuta sunan wanda yake wajen da shekarun da ya yi, a ɗau hotonsa a gaban teburinsa, a liƙa jerin sunayen a ƙofar mai unguwa kowa ya gani ya yi gyara. Rumfa ta zama ba ta sayarwa ba kuma ba a ba da ita haya, in mutum ya daina sana'ar ta koma ga na gaba a layi.